Takardar Baba Malam Zuwa Ramin Kuza

Kura

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na bar wa maƙwabcina amanar ban-ruwan tumatirina na kama hanya. A jakata akwai takarda biyu, ɗaya rubutacciya ɗaya fara, da alƙalami da 'yar tawada. Mahaifinmu, Baba Malam, ya shekara tara yana rubuta Alƙur'ani da hannu. Yana kai ƙarshen Suratul Hadid idonsa ya dushe, saura izu shida. Ni rubutuna kamar kaza ta yi tono. Mai hannun rubutu a gidanmu shi ne Yaya Sani, wanda ya tafi haƙar kuza Riruwai yau shekara huɗu. Kewarsa ta ishe ni, haushinsa ma haka.

Hanya

Bakwai saura muka bar Kwanar Dangora a wata tsohuwar bas. A Tudun Wada na ci ɗanwake a tsaye. A shingen dajin Falgore soja ya buɗe jakata ya ga tawada.

"Malam, laya za a rubuta wa masu rami?"

"A'a, ranka ya daɗe, aike ne."

Riruwai

Sha ɗaya da kwata ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin ramuka. Sai azahar aka jawo Yaya da igiya, jajawur da laka. Ya nuna min aikinsu, yadda suke bin jijiyar dutse cikin duhu da tocila a goshi, da yadda ake wanke ƙasa a ƙwarya har baƙar kuza ta kwanta. Wallahi na jinjina musu. Inda ko gafiya ba ta shiga, nan mutum ke shiga ya fito da ƙarfe.

Na miƙa masa takardar Baba ta ƙarshe. Masu rubutun hannu ba sa sa lamba. A gindin kowace takarda suke rubuta kalmar farko ta mai bi mata, don kada su rikice. Baba ya rubuta tasa a karkace, babu takardar da ta biyo baya.

Yaya ya daɗe yana kallonta.

"Habu, a surar nan Allah ya ce Shi ya saukar da ƙarfe. Na san duk inda kuza ke ɓuya. Abin da ke cikin takardar nan kuwa diga ba ta kai gare shi."

"To ka taho gida mana, Yaya."

"Ba yanzu ba."

Ya yi alwala, ya zauna kan buhu, ya cika farar takardar daga inda Baba ya tsaya. Yatsunsa duk sun yi kanta. Na kau da kai don kada ya ga idona.

Gida

Na kwana a ɗakinsa, washegari da la'asar na iso Kura ni kaɗai. Baba ya karɓi takardar, ya bi ta da yatsu har ƙasa.

"Ya sa kalma a gindin?"

"Ya sa, Baba."

"Alhamdu lillahi. To a share masa ɗakinsa."