Gwangwanin kafso da kunnena na hagu

Wata biyar ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar me ya sa ba a ganina a layin mawaƙan coci ranar Lahadi, ku yafe min. Kunnena na hagu ya daina ji, kuma ni na jawo wa kaina.

Duk wanda ya san gidanmu a Romi ya san gwangwanin madarar nan na kan firij. Ragowar kafso nake tarawa a ciki. Mura, biyu. Mara ta murɗa, biyu. Da na ji sauƙi sai in ajiye sauran don gaba. Har maƙwabta na ce min Mama Dokta, ina ta fasa kai, ni da ko allura ban iya riƙewa ba.

Da zafin fitsari abin ya fara. Na sha biyu-biyu kamar kullum, shiru. Na je kemis a unguwar Television na ce a haɗa min mai ƙarfi, shiru. A sati na uku rawar ɗari ta kama ni a shagon niƙana da rana tsaka, bayana kamar an hura wuta. Maigidana, Baban Nanret, ya kwashe ni sai asibiti.

Ƙarin ruwa, ɗibar jini, hoton ƙoda. Suka karɓi fitsari, suka ce a jira kwana uku a ga abin da zai tsiro. A kwana ukun nan na ji tsoron mutuwa ƙwarai.

Da sakamako ya fito, likitar ta nuna min hoton wani ɗan faranti a wayarta. An jera ƙananan takardu a kai, kowace da maganinta. Inda magani ke aiki, ƙwayoyin cuta ba sa matsowa kusa. Nawa kuwa sun lulluɓe duka, saura guda ɗaya tak.

"Madam, in kin fara magani, kina shanyewa?"

Na sunkuyar da kai.

"Duk sanda kika tsaya a rabi, raunanan ne ke mutuwa, masu taurin kan su hayayyafa. Masu bincike sun gano har miƙa wa junansu taurin kan suke yi."

Ta ce guda ɗayan da ya rage allura ce, kuma tana iya taɓa kunne. Za su sa ido, amma babu wata.

Baban Nanret ya ce, "A yi mata, Dokta. Ko ba ta ji ni ba, in dai ina ganinta."

Jinyar ta cinye injin niƙana. Zazzaɓi ya sauka, ƙoda ta tsira, amma kafin a sallame ni kunnen ya fara ƙugi, daga nan ya yi tsit.

Na koma gwajin waƙa sau ɗaya. Ban jin muryar ta kusa da ni, sai kauce hanya nake yi. Ni da kaina na nemi benci na zauna. Shekara ashirin ina waƙa a layin nan, kuma na yi kuka.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Na gode wa nas-nas, da matan zumuntar coci da suka yi ta zirga-zirga da kunu da fate.

Don Allah, a yi gwaji kafin a sha kafso. In an rubuta muku na kwana bakwai, ku cika bakwai ɗin. Kada ku ba kowa ragowarku.

Shekaranjiya maƙwabciyata Mama Ngozi ta tsaya ta haguna, sai da ta taɓa ni na san tana magana.

"Mama Dokta, abeg, ba ni guda biyu, yarinyata na zawo."

Ni na koya mata wannan. Na juyo mata da kunnen da ya rage, na ce, "Gwangwani babu. Goyo ta in raka ki asibiti. Kuma ki daina kirana da sunan nan."