Tabarmin da Na Shimfiɗa a Ƙofar Maƙwabcina

Har yau in na tuna abin da muka yi wa maƙwabcina a Gummi sai raina ya ɓaci, don ni na ja gaba. Bafalasɗine ne, malamin lissafi a sakandaren da nake koyarwa farkon shekarun tamanin. Katanga ɗaya ta raba mu. Inna, mahaifiyata, kan aika masa da tuwon dawa, ta ce gwauro a ƙasar mutane abin tausayi ne.

Bayan la'asar mukan zauna gindin dalbejiya da rediyonsa, yana ba ni labarin ƙungiyar da ƙanensa ya shiga. 'Yan makaranta ne suka fara ta a ɓoye don ƙasarsu ta dawo hannunsu, daga baya suka ɗauki bindiga. Aka kore su daga Jodan, suka koma Labanan. A wata damina kuma aka loda mayaƙan a jiragen ruwa aka watsa su ƙasashe, har da ƙanen nasa. Tsohuwarsu kaɗai aka bari a sansanin 'yan gudun hijira.

Ana yankan gero rediyo ya ce an shiga sansanin an yi ta kashe mutane, har tsofaffi da yara. Ni da azarɓaɓina ban tambaye shi komai ba. A wurinmu ba a barin mai rashi shi kaɗai. Na kwashi tabarmi na shimfiɗa a ƙofarsa, na aika wa liman da sauran malamai, Inna ta ɗora tukunya. Kafin azahar wuri ya cika.

Maƙwabcina ya fito ya gan mu jere, ya tsaya. Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi jiƙanta."

"Wa ya gaya muku ta mutu?" in ji maƙwabcina, da Hausarsa mai nauyi. "Ba wanda ya faɗi sunanta. Ku naɗe tabarminku."

Wallahi a lokacin har haushinsa na ji, wai ya kunyata ni gaban liman. Dubi wauta. Mutum yana riƙe da ran uwarsa da hannu biyu, ni ina ta kunyata.

Ya yi ta rubuta wasiƙu. Duk ranar da motar gidan waya ta zo daga Sakkwato, yana can tsaye tun kafin a buɗe buhu. Babu ta uwar, babu ta ƙanen. Ya rame, yakan tsaya a tsakiyar darasi da alli a hannu ya manta abin da yake faɗa. Ni kuwa ko "ya haƙuri" na daina kuskuren ce masa. Haka muka yi har damina ta sake zagayowa.

Wata safiya ya yi sallama a zaurenmu. Na miƙe da sauri na tambaye shi ko wasiƙa ta zo. Ya girgiza kai.

"Malam, tabarmin nan suna nan?"

Na ce suna nan.

"To kira mini liman. In ban zauna mata a nan ba, babu wanda ya rage da zai zauna mata."