Gefen Gabas da Bai Sami Taki Ba

A shekarar da takin zamani ya fi ƙarfin kowa a ƙauyenmu, ni lissafi ne ya fi ƙarfina. Na riga na zauna jarrabawar shiga jami'a sau ɗaya, sauran darussa suka yi kyau, lissafi ya ja ni ƙasa. Baba ya ce in sake.

Akwai wani tsohon malamin lissafi a Tsanyawa da ke tara mu a zaurensa duk ranar kasuwa. Yakan raba mana tsofaffin tambayoyi arba'in, ya cire agogonsa ya ajiye a kan benci. Mako shida ina zuwa, mako shida ina cin sha huɗu ko sha biyar. Kusan duk wadda na amsa daidai take, sai dai ban taɓa wuce ta goma sha shida ba lokaci yake cika. Nakan ja layi da rula, in kwafe tambayar, in yi aikin, in sake bi in tabbatar. In na ci karo da mai wuya ba na iya barinta, ji nake kamar na fita na bar ƙofar ɗaki a buɗe. Malam ya sha ce min in riƙa tsallakewa. Ina cewa to, hannuna yana ƙi.

Bazara ce, lokacin kai taki gona. A wajenmu gona ba ta hutawa, ta wannan manne da ta wancan, in ba ka ba ƙasa ba ita ma ba za ta ba ka ba. Tunda buhun takin zamani ya gagara, sai abin da ke turken awaki da juji. Ba mu da jaki. Kawuna ya ara mana nasa na mako uku, ya ce daga nan shi ma zai fara nasa jigilar. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya yana haƙar taki yana tarawa a ƙofar gida, ɗaya yana kora jaki, kuma ni kaɗai ne ɗa namiji a gidan. Duk da haka Baba ya ce bana ba ruwana da mangala, in zauna in yi da lissafina. Inna ta share min ƙarƙashin darbejiya ta shimfiɗa tabarma.

Ran nan da hantsi Inna ta aike ni da fura gona. Na tarar Baba ya jera tsibin taki tun daga bakin hanya, ko ɗaya bai baza ba. Kafin ya juyo da jakin na ɗauki fartanya na soma baza na farko, ina daidaita gefe da gefe. Da ya iso ya tsaya yana kallona, yana share gumi da hularsa.

"Ɗan boko, ajiye fartanyar nan," ya ce. "Jakin aro ne. A zuba ko'ina tukuna, bazawa ba ta guduwa."

Ya nuna min wajen suri, inda ƙasa ta yi tauri, ya ce shi ma ya tsallake shi, in jaki ya rage rana ya komo masa.

Ina komawa gida na ɗauko tambayoyin makon jiya. Na ajiye rula. Na bi su tun daga ta ɗaya har ta arba'in, mai sauƙi in amsa, mai wuya in ɗiga mata alama in wuce. A can ƙarshen takardar, inda ban taɓa kaiwa ba, na tarar da tambayoyin da na iya tun ina aji huɗu.

Ranar kasuwa na ci ashirin da bakwai. Malam ya duba takardar sau biyu. Ya ce abin da ke damuna ya warke, daga yanzu awa biyu da yamma ta ishe ni, in tafi in kama wa mahaifina aiki, kai ma yana son hutu.

Saura kwana goma kawu ya karɓi jakinsa. Na ƙirga su a motar da ta dawo da ni.

Da la'asar Baba ya zauna a gefen tabarmata yana cire ƙaya daga tafin ƙafa, ya tambaye ni yaya lissafin.

"Yana nan yadda yake, Baba," na ce.

Ya ce Allah ya buɗa. Ya tashi ya tafi shayar da jaki.

Na daɗe ina gaya wa kaina tsoro ne ya sa, kada in saki littafi makin ya koma inda ya fito. Akwai tsoron. Amma akwai kuma inuwar darbejiya, da hannuna da ya yi laushi, da yadda Inna ke hana ƙannena mata hayaniya saboda yaya yana karatu. A kwanakin nan goma nakan gama lissafin kafin hantsi, sauran yinin in buɗe littafin labari a cikin na lissafi. Ina jin wucewar jakin ta bayan danga, ina ƙirga sawu ba da niyya ba. Sawu bakwai a yini. Da mu biyu ne da ya kai goma sha biyu.

Kawu ya karɓi abinsa ranar da ya faɗa. Gefen gabas na gonar bai sami ko tsibi ɗaya ba. Baba ya gwada kaiwa da buhu a ka, kwana biyu bayansa ya riƙe, sai kuma ruwa ya sauka aka yi shuka.

Na ci jarrabawar. Da kaka geron yamma ya yi kai, na gabas kuwa ko ƙirjina bai kai ba, zangarniyarsa kamar yatsa. Maƙwabcin gonarmu ya tsokani Baba, ya tambaye shi ko wani sabon iri ya samo. Baba ya yi dariya ya ce a'a, wannan gefen lissafi muka shuka.

Rumbunmu ya ƙare wata guda da rabi kafin sabon gero. Na zo hutu daga jami'a na tarar Inna tana haɗa tuwo da garin rogo. Ina zaune kusa da murhu ina tura mata kara, na kasa riƙewa, na gaya mata maganar ashirin da bakwai. Ba ta daina tuƙi ba. Ta ce ai a ranar Baba ya shiga kasuwa sayen igiyar mangala, ya haɗu da Malam a bakin rumfar mahauta, Malam ya yi masa barka ya faɗa masa komai. Baba ya riga ni isowa gida.

Na tambaye ta me Baba ya ce.

"Cewa ya yi a ƙyale ka, ba ka saba da rana ba."

Ta kwashe tuwon, ta miƙo min na Baba in kai masa zaure. Na kai. Ya matsa min waje a tabarma, ya tura min gefen da ya fi miya, ya tambaye ni yaya karatu.