Hanyar Atrone a Idon Baba

A shekarun da ciwon yanar ido ya rufe idon Baba, ni nake ɗauko shi a babur daga rumfar namansa zuwa gidanmu a unguwar Atrone, bayan sallar magariba.

"Tafi a hankali," yakan ce, hannunsa a kafaɗata. "Taurari sun sauko kan titi."

Haka yake ganin kowace fitila, ta mota ko ta mai shayi. Wai kowacce tana da dogayen hannuwa na haske, suna miƙewa har su taɓa na maƙwabciyarta. Ni dai ramukan hanya nake kallo.

Da aka yi masa aikin ido, ya ga fuskokin jikokinsa tar, ya koma karatun Alƙur'ani da kansa, muka yi ta godiya ga Allah. Amma ranar da na sake ɗauko shi, ya yi ta kallon fitilun hanya har muka yi nisa. Can ya ce, "Ashe ƙwan fitila ne kawai."

Lokacin ina aiki a wani shagon hoto a unguwar Kabalaye, ina gyara hotunan biki a kwamfuta, ina sa wa zoben amare ƙyalli. Sai na ɗauki hoton titinmu da magariba, na ɗora wa kowace fitila tauraro mai tsinaye. Washegari na kawo Baba shagon, na zaunar da shi a gaban allon.

Ya daɗe yana kallo.

"Ba haka ba ne," ya ce. "Naka sun yi kaifi kamar wuƙa. Nawa taushi gare su, kamar audugar da aka ja."

"To yanzu fa, Baba?"

"Ƙara musu tsawo. Wancan na mai shayi kuma ja-ja yake."

Ina ja, yana gyara mini. Fanka tana juyawa a kanmu, hasken yana ta buɗewa a hankali har gidajen suka fara narkewa a cikinsa. Na ji kamar muna kan babur ɗin, sai dai ni ne a baya.

"Tsaya nan," ya ce da ƙaramar murya.

Na wanke masa hoton babba, ya rataye shi a rumfa, a saman sikeli. Masu sayen nama sukan tambaye shi da Larabcin da ake yi a garinmu ko wace ƙasa ce wannan. Yakan ce musu unguwarmu ce, ya ci gaba da yankan namansa.