Ranar Da Keken Baba Sallau Ya Hau Bango

Wata rana, a farkon daminar da ta wuce, wata baiwar Allah mai suna Lantana ta tsaya a ƙofar gidan da take haya, riƙe da kekuna biyu, ta rasa inda za ta kai su.

Ku karanta a tsanake. Ba na son a tsallake layi, a dawo ana yi min tambayar da na riga na amsa.

Lantana mai tuyar awara ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu, Rumasa'u da Sa'ade.

Yaran suka samu shiga sakandaren 'yan mata da ke can bayan gari, gaba da layin dogo. Tafiyar ta fi ƙarfin ƙafa. Hawa mota kullum kuma ya fi ƙarfin kaskon awara.

Sai baffansu, ƙanin marigayin, ya kawo musu kekuna biyu. Tsofaffi ne, amma lafiyayyu.

Abu ɗaya ya ce: a kula masa da su.

To, gidan irin gidan hayan nan ne da kuka sani. Ɗakuna a jere, tsakar gida kamar tafin hannu, ga murhu, ga igiyar shanya, ga yara. Wurin da ke da rufi kuma ake iya rufewa ɗaya ne tak, zaure.

A zauren akwai kekuna biyar, duk na maza.

Huɗu suna fita nema kullum. Na biyar ba ya zuwa ko'ina.

Wannan shi ne keken Baba Sallau, tsohon dubagari, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, kuma shi mai gidan ya wakilta. A kan keken nan ya zagaye unguwanni yana leƙa randuna da kwatoci. Yanzu gwiwa ta hana shi hawa. Amma kowace safiya sai ya goge shi tas, ya kaɗa ƙararrawar sau ɗaya, ya mayar masa da mayafinsa.

Keken nan shi ne a lungu mafi kyau, inda ko feshin ruwa ba ya kaiwa.

Lantana ta aika a roƙa mata wuri. Amsa ta dawo a gajarce: zaure ya cika. Kuma zaure wurin zaman maza ne, ba a son 'yan mata suna zarya cikin baƙi.

Ta haɗiye.

Ta ɗaure kekunan a jikin darbejiyar ƙofar gida. Ruwa ya dake su, rana ta gasa su, sarƙa ta fara tsatsa. Ran nan, da rana tsaka, wani marar tsoron Allah ya kwance sirdin keken Sa'ade ya tafi da shi.

Yarinyar ta koma naɗa tsumma a bakin ƙarfen, tana tuƙi a tsaye.

Sai Lantana ta shigo da su ɗaki.

Ɗaki ɗaya. Gado, tukwane, buhun waken suya, mutum uku, da kekuna biyu.

Sa'ade na kwana da feda a saitin kanta. Wanda zai tashi alwalar asuba sai ya tsallake taya. Ƙafar Lantana duk ta yi tabo.

Duk wannan ba ta yi ƙorafi ba.

Sai wata safiya farin hijabin makarantar Rumasa'u ya zame daga ƙusa ya faɗa kan sarƙa. Baƙin mai ya zana masa layi tun daga kafaɗa har ƙasa. Aka wanke, aka sake wankewa. Ya ƙi fita.

Ba ta da wani. Ta saka shi haka ta tafi.

A bakin ƙofar makaranta wata malama ta tsayar da ita, ta ɗaga hijabin da yatsu biyu a gaban 'yan ajinsu, ta kira ta ƙazama, ta kore ta gida.

Ba ta tambaye ta ko kalma ɗaya ba.

Ku riƙe wannan. Zan dawo kansa.

Labari ya kai kunnen baffa. Sirdi ya ɓace, sarƙa ta yi tsatsa, ga kora daga makaranta. Ya aiko cewa tunda babu wurin ajiya, ranar Lahadi zai zo ya kwashe kayansa, nasa 'ya'yan ma suna so.

Lantana ta san ma'anar wannan. In kekunan suka tafi, karatun ya tafi.

A gidan akwai al'adar ciyayya. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maza su shimfiɗa tabarma a ɗan filin da kekuna suka rage a zaure, kowane ɗaki ya fito da kwano. Lantana ba ta da miji a kan tabarmar, amma tun rasuwar maigidanta ba ta taɓa fasa aika nata kwanon ba.

Aikawa take yi. Mace ba ta kai kwano zaure da kanta.

Wannan Juma'ar ta ɗauka da hannunta.

Ta cire takalmi, ta durƙusa a bakin ƙofar ciki, ta yi sallama.

Ilu mai walda, wanda bakinsa ba ya zama shiru, ya ce, "A'a! Yau awara ce ta kawo kanta? Maman Rumasa'u, ko yaji aka manta?"

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ajiye kwanon. Sannan ta warware hijabin, ta shimfiɗa shi a gefen tabarma, baƙin layin yana kallon kowa.

Baba Sallau ya haɗe rai. "Lantana, ai na ba ki amsa. Zaure ya cika."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce:

"Haka ne, Baba. Naka keken ya gama tafiyarsa, an ba shi inuwa. Na marayun nan yanzu suka fara tasu, an ba su rana. A kan wannan tabon aka ce wa 'yata ƙazama."

Mai loma a hannu ya kasa kai ta baki.

Tsohon ya jawo hijabin, ya kai shi kusa da idonsa, ya murza tabon da babban yatsa, ya shinshina. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana bambance ƙazanta da tsafta, ba sai an yi masa bayani ba.

"Wannan ba dauɗa ba ce," in ji shi. "Man sarƙa ne."

Ya juya ya daɗe yana kallon lungun da kekensa yake. Lantana ta ɗauka korar ta zai yi. Har ta fara laluben takalminta.

Sai ta ji ya ce, "Ilu, guntayen rodin nan da kake zubarwa, in ka lanƙwasa ɗaya ka kafa a bango, zai ɗauki keke?"

"Baba, ragon layya ma zai ɗauka, balle wannan tsohon naka da ya rame."

"Kai ne ka rame. Tashi ka ɗauko tsani."

Kafin la'asar, keken dubagari ya hau bango, can sama, yana fuskantar ƙofa. Duk wanda ya shigo shi yake fara gani. Baba Sallau ya ja baya ya ƙare masa kallo, ya ce ashe ma nan ya fi yi masa kyau.

Da sauran suka ga filin da ya buɗe, kowa ya ce a yi masa tasa ƙugiyar. Washegari Ilu ya jera su, kowane keke a rataye ta tayar gaba, yana tsaye a jikin bango.

Na 'yan matan aka kafa musu daf da ƙofar ciki, ƙasa kaɗan daidai tsayinsu. Su sauke su fita ba tare da sun taka tabarmar kowa ba.

Kekuna bakwai a zauren da aka ce biyar sun cika shi. Har tabarma ta biyu ta samu wuri.

Ranar Lahadi baffa ya zo. Ya tsaya a zaure ya ɗaga kai, ya duba, ya sake dubawa. Ya koma gida da ƙullin awara, ba da keke ba.

Ranar Litinin da safe Sa'ade ta zo sauke kekenta, ta tarar babu tsumman nan.

Sirdi ne a wurin. Na fata, baƙi, ya sha mai yana ƙyalli.

Ta ɗaga kai. Keken Baba Sallau da ke can sama ba shi da sirdi.

Baba Sallau na zaune da carbinsa, ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Wuce mana, 'yar nan, za ki makara."

Har yau keken yana bango, sirdinsa kuwa kullum sai ya je makaranta.

Yanzu bari in dawo kan abin da na ce ku riƙe.

Baba Sallau ya gyara nasa, Allah ya saka masa. Mazan da suka yi ta cin awarar matar nan suna kallon kekunan marayu a ruwa, su ma sun ɗan rage laifinsu da guduma da tsani. Na karɓa, ko da yake ban ji an ce wa yaran a yi haƙuri ba, kuma ya kamata a ce.

Amma malamar nan fa?

Ni na tsufa a gaban allo. Ban taɓa sanin ana yanke wa yaro hukunci kafin a tambaye shi ba. Tambaya ɗaya ce: me ya sami hijabinki? Ba ta cin lokaci, ba ta rage wa malami daraja.

Na taka da ƙafata na je makarantar. An ba ni kujera, an ba ni ruwa, an ce za a duba.

Ba ruwa na je sha ba.

A bakin ƙofa aka kunyata Rumasa'u, a gaban 'yan ajinsu. A bakin ƙofar nan, a gaban yaran nan, nake so a ba ta haƙuri. Ba a ofis ba, ba a raɗa ba. Ban ambaci suna ba don ina kyautata zaton za a yi. Wanda ya ga tsoho ya cire sirdin kekensa ba ya yanke ƙauna da mutane.

Darasi: Sau da yawa ba wuri ne ya yi kaɗan ba, wani ne bai ɗaga nasa sama ba. Kafin ka ce "ya cika", duba abin da ka ajiye a inuwa wanda ba ya zuwa ko'ina. Kafin kuma ka kira ɗan wani da mummunan suna, tambaye shi inda ya kwana.

Ku tura wa mutanen gidan hayarku. In kuna da malami a cikin dangi, ku fara da shi.