Injiniyan da Ba Ya Kunna Na'ura

A gida Injiniya ake ce masa, ko da yake babu makarantar da ta ba shi sunan. Surukarsa ce ta laƙaba masa ranar da ya canja mata batirin rimot, shi kuwa ya riƙe hannu bibbiyu.

Ya taɓa koyar da kwamfuta a wani shago bayan tashar mota, har shagon ya koma wurin wankin kai. Daga nan ya samu aikin da ya dace da girmansa: gyaran littafin bayani na intanet, wanda masu rubuta manhaja ke dubawa game da wani tsohon tsarin kwamfuta da kamfanin da ya ƙera shi ma ya manta ya taɓa yin sa. Rabonsa shafi guda ne, na umarnin kwamfuta da ke juya rubutu daga wannan tsarin haruffa zuwa wancan. Wata mata da ke kula da littafin, wadda bai taɓa gani ba, ita ta ba shi izinin gyara, kuma wannan izini shi ne sarautarsa. In aka yi baƙi, da shi yake buɗe hira tun kafin a kawo musu ruwa.

Ƙa'idar masu aikin ɗaya ce: kada ka rubuta abin da ba ka gwada a na'ura ba. Injiniya na da tsohuwar na'ura mai wannan tsarin a ƙarƙashin tebur, lulluɓe da zanin gado, amma a ganinsa gwaji na masu shakka ne.

A shafin akwai gargaɗi cewa umarnin ba haruffa yake ƙirgawa ba, gurbin da suke ci a ma'ajiyar kwamfuta yake ƙirgawa, don wani harafin gurbi biyu yake ci. Injiniya ya ga jimlar ba ta da daɗin karatu. Ya goge ta, ya rubuta "yana ƙirga haruffa", ya karanta wa matarsa da murya mai kauri. Ta ce ya yi kyau, ya ɗaga ƙafa za ta yi shara.

Ashe har yanzu akwai masu cin abinci da tsohon tsarin, irin su masu buga katin shaida. Da suka bi gyaran Injiniya, sunayen mutane suka fara fitowa da wutsiya a yanke. Ƙorafi ya taru. Mai kula da littafin ta rubuto cikin ladabi, ta ce ya kunna na'urarsa ya turo hoton abin da ya gani, in ba haka ba za ta karɓe izinin.

Ya yaye zanin, ya danna maɓalli, ya sake dannawa. Shiru.

"Maman yara, wa ya taɓa mini wannan?"

"Ai tun da rufi ya yi yoyo ta mutu, Injiniya. Na faɗa maka, ka ce in bari kana tunani."

Ƙaninsa ya ce akwai irinta a wurin aikinsu, Yaya ya zo ya gwada, abin ba zai ɗauki lokaci ba. Injiniya ya ce Allah ya kiyaye ya zauna a kujerar yaron da ya goya, ana tsaye a kansa ana kallo. Maimakon haka ya gyara zama, ya rubuta wa mai kula da littafin dogon bayani a kan tarihin haruffa da darajar kyakkyawar jimla.

Ta gode masa ƙwarai, ta mayar da gargaɗin, ta karɓe izinin. Da maƙwabta suka tambaye shi ya aiki, ya ce ya yi ritaya don a ba matasa dama.