Wai In Harari Baban Ilham

Ga goyo a bayana, ga tuwo a wuta, Baban Ilham ya zaunar da ni wai ni ce malamarsa ta jami'a. Gobe zai yi bayanin aikinsa gaban malamai. Bara sun kayar da shi, don ya yi ta sunkuyar da kai yadda ya saba gaban manya. In ya sake faɗuwa, babansa ya ce mu tattara mu koma noma Zugurma.

"Harare ni, Maman Ilham."

"Ni in harare ka? Ina!"

"Don Allah."

Na harare shi. Ya fara bayaninsa, bai kau da ido ba har ya gama. Tuwon kuwa ya ƙone.

Wallahi na gaji, ga kuma tsoron goben nan. Ku 'yan boko, hararar malaman nan ta fi tawa zafi ne?